Sipadan: Tsibirin da Aka Hana Baƙi Kwana a Cikinsa

Mai tafiya a ƙafa zai zagaye tsibirin Sipadan cikin abin da bai wuce rabin awa ba, ya dawo inda ya tashi tun gumi bai gama keto masa ba. Faɗinsa hekta 12 ne ko da 'yar ɗoriya, kurmi a tsakiya, farin rairayi a kewaye, yana zaune a Tekun Selebes kimanin kilomita 35 daga garin Semporna da ke gabashin jihar Sabah ta ƙasar Malesiya. Abin da ido ke gani daga sama bai taka kara ya karya ba. A gefen arewa kuwa, in mutum ya bar rairayi ya taka cikin ruwa, zai yi 'yan taku ruwan na iya gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, sai kawai ƙasa ta ƙare masa. Ganuwa ce a miƙe, ta gangara har mita 600 cikin shuɗin da ke rikiɗewa ya koma baƙi ƙirin. Sipadan ƙoƙon kan wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, murjani ya yi ta gini a kansa shekara dubbai har ya leƙo saman ruwa. Duk faɗin Malesiya shi kaɗai ne tsibirin da ya taso haka daga ƙasan teku mai zurfi, sauran duk a kan kafaɗar tudu suke zaune.

Tun daga farkon shekarar 2005 babu baƙon da ke kwana a nan. Gwamnati ta umarci duk masu masaukin baƙi da su kwashe ya-nasu-ya-nasu kafin ranar 31 ga Disamban 2004, daga bisani kuma ta ƙayyade yawan mutanen da za su shiga ruwan tsibirin a kowace rana. Ƙasar da ke neman kuɗin 'yan yawon buɗe ido ruwa a jallo ta dubi wurin da ya fi ko'ina farin jini a tekunta ta ce a rage masu zuwa. A ganina wannan shawara daidai ce, kuma ita ce dalilin da ya sa har yanzu akwai abin kallo a Sipadan. Sai dai aikin rabi aka yi, domin nauyin da aka sauke wa tsibirin ba ɓacewa ya yi ba, an ɗora shi ne a kan maƙwabtansa, musamman mutanen da ba su da bakin magana.

Kafin a gane dalilin ƙayyadewar, sai an san yadda nutson yake. Mai nutso yana goya tukunyar ƙarfe da aka danƙara wa iska, iskar da muke shaƙa ce ba wata ba, amma an matse ta kusan ninki 200. Yana zuƙarta ta wani bututu mai na'urar da ke daidaita ƙarfin iskar da nauyin ruwan da ke kansa, na'urar da Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Kowace mita 10 da ya gangara, ruwa na ƙara masa nauyi kwatankwacin na dukkan iskar da ke danne shi a tudu, don haka a mita 30 yana shan iska ninki huɗu na abin da zai sha a tudu, tukunyar kuma ta yi saurin ƙarewa. Sinadarin nitrojin na narkewa cikin jininsa, in ya yi gaggawar hawowa sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Shi ya sa ake hawowa sannu a hankali, a dakata minti uku a mita biyar. Abin da ya fi shafar murjani a cikin wannan ilimi shi ne iya tsayuwa a tsakiyar ruwa, ba ka nitsewa ba ka tasowa. Gwani yana rataye kamar shaho a iska, numfashinsa kawai ke ɗaga shi ya sauke shi. Ɗan koyo kuwa sai ya yi ta shure-shure da takalman ninkaya, ya kai hannu ya dafa duk abin da ya samu, kuma abin da ya samu ɗin sau da yawa reshen murjani ne da ya shekara goma yana tsawon kamu ɗaya. Murjani dabba ce mai rai, ƙananan halittu ne birjik da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, ba dutse ba ne kamar yadda ake zato.

Abin da ke janyo mutane daga ko'ina ya cancanci wahalar. Sipadan na cikin yankin tekun da ya haɗa Malesiya da Indunusiya da Filifin har zuwa tsibiran Solomon, inda ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in murjanin duniya. Ruwa mai ƙarfi da ke bugun ganuwar tsibirin yana kawo abinci, abinci ya tara ƙananan kifaye, su kuma su tara manya. A wurin da ake kira Barracuda Point, kifayen barakuda ɗaruruwa, dogaye masu haƙora, sukan haɗu su yi ta juyawa kamar guguwa, mai nutso a ƙasansu yana kallon rana ta cikin ramin da suka bari a tsakiya. Da sanyin safiya wani garke kan ratso ruwa mara zurfi, manyan kifaye kore masu ƙullutu a goshi da baki irin na aku, wani ya haura mita ɗaya. Suna gatsar murjani, ana jin ƙarar ɓurƙusawar cikin ruwa, su narke abin da ke ciki su kasayar da sauran a matsayin gari. Babba ɗaya na iya niƙa tan biyar a shekara, wato wani kaso na farin rairayin da baƙi ke ɗaukar hoto a kai daga cikin kifi ya fito. Kifayen shak masu farin baki a fiffike suna kwance a kan dandamalin duwatsu ko a jikinsu. Kunkurun teku kuwa har ya zama ba labari, a nutso guda mutum kan ga goma ko ashirin, wani na barci a kogo, wani na hawa shan iska.

Kunkurun nan shi ne zuciyar tarihin tsibirin. A jikin ganuwar, kimanin mita 20 a ƙasa, akwai wani kogo mai lunguna inda ake samun ƙasusuwan kunkuru a zube. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne sukan shiga su ɓata hanya, iska ta ƙare musu, domin da huhu suke numfashi kamar mu. Wannan kogo na cikin abin da Cousteau ya nuna a fim ɗinsa na 1989 a kan tsibirin Borniyo, fim ɗin da ya tallata Sipadan ga duniya. Amma tun kafin shi, ƙwan kunkuru ne arzikin wurin, mutanen yankin na zuwa suna tona. A 1917 Turawan Ingila da ke mulkin Arewacin Borniyo suka kafa dokar kare kunkuru, suka riƙa ba da lasisin ɗibar ƙwai, a 1933 suka ayyana tsibirin mafakar tsuntsaye, a 1962 aka kafa fitilar jiragen ruwa. Da Indunusiya da Malesiya suka kai rigimarsu kan tsibiran Sipadan da Ligitan gaban Kotun Duniya, kotun ba ta gamsu da yarjejeniyar 1891 da Indunusiya ta dogara da ita ba, haka kuma ba ta gamsu da silsilar gadon sarauta da Malesiya ta kawo ba. Waɗannan ƙananan ayyuka na kula da ƙwai da tsuntsaye da fitila ta duba, ta ba Malesiya gaskiya a ranar 17 ga Disamban 2002, alƙalai 16 suka amince ɗaya ya ƙi. Wata biyu ke nan bayan kotun ta yanke hukuncin Bakassi tsakanin Nijeriya da Kamaru. Ƙasar da ta samu tsibiri saboda an shaida ta da kula da kunkurunsa, ai da kunya ta bari a kore su da janareto.

Kuma hanyar da aka kama ke nan. Daga shekarun 1980 zuwa 2004 an cika gefen tsibirin da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci. Mutum ɗari da ke kwana a hekta 12 suna bukatar ruwan wanka da makewayi da wuta da wurin zubar da shara, ga shi ƙasar rairayi ce da farar ƙasa mai ramuka, duk abin da aka zuba sai ya tsiyaye zuwa teku. Ƙazantar ruwa taki ce ga gansakuka, ita kuma in ta samu taki sai ta lulluɓe murjani ta shaƙe shi. Uwar kunkuru da ke fitowa da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai wajen ɗari tana gudun haske da hayaniya, 'ya'yan kuma in sun ƙyanƙyashe haske suke bi su gane teku, fitilar masauki sai ta juyar da su cikin kurmi. Wannan dabba takan shekara ashirin ko talatin kafin ta fara haihuwa, kuma yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komawa. Ɓarnar da aka yi mata bana ba za a ga sakamakonta ba sai yaran yau sun yi furfura.

Akwai masu cewa batun kare muhalli fakewa ce da guzuma a harbi karsana, tsaro ne ainihin dalili. Suna da hujja. A daren 23 ga Afrilun 2000 'yan bindigar ƙungiyar Abu Sayyaf suka dira tsibirin cikin jiragen ruwa masu gudu, suka kwashe mutum 21, baƙi 10 da ma'aikata 11, suka tsallaka da su tsibirin Jolo na Filifin, aka yi watanni ana ciniki kafin a sako yawancinsu. Ba shakka gwamnati ta fi samun barci da babu Bature ko ɗaya da ke kwana a bakin iyaka. To amma in tsaro ne kaɗai, me ya sa aka bar masaukai a tsibiran Mabul da Kapalai da ke kusa, waɗanda su ma aka kai wa yankinsu hari daga baya, har aka kashe ɗan sanda a Mabul a Yulin 2014? Kuma tsaro bai bukaci a ƙidaya masu nutson rana ba. Ko da ma niyyar gauraye take, kunkuru bai tambayi dalilin kashe fitila ba. Ita kanta hukuma ba ta kuɓuta daga kwaɗayin gini ba, domin a Mayun 2006 wani jirgin dakon tsakuwa da ƙarafa, da aka kawo don gina wuraren hutawar baƙi, ya kwashe murjanin da ke kusa da gaɓa ya bar fili fari fat. Ihun da aka yi ya sa aka dakatar da aikin. Rana ɗaya ta kayan gini ta yi ɓarnar da masu nutso dubbai ba su yi ba.

Wata sukar ita ce ta kuɗi, cewa ƙayyadewa ta mayar da tsibirin na masu hannu da shuni, ta kuma rage wa jihar kuɗin shiga. Gaskiya ne takardar izini ta yi tsada ta yi wuya. An fara da mutum 120 a rana a 2006, hukumar Sabah Parks ce ke raba wa kamfanonin nutso, su kuma sukan ce sai baƙo ya kwana uku ko huɗu a wurinsu kafin a ba shi rana ɗaya a Sipadan. Sai dai a yi lissafi. Binciken da aka yi a Bahar Maliya da tsibirin Bonaire ya nuna cewa wurin nutso guda kan fara nuna alamun gajiya in ya haura nutso 5,000 zuwa 6,000 a shekara. Mutum 120, kowa nutso uku a rana, sun haura nutso 130,000 a shekara, a raba su ga wurare goma sha biyu ko sha uku, kowanne ya tashi da wajen dubu goma. Wato ko adadin farko ma da sassauci a cikinsa. Abin da ke taimakon Sipadan shi ne yawancin nutsonsa a gefen ganuwa ake yi, mutum na shawagi babu ƙasa a ƙarƙashinsa da zai taka. Duk da haka an ƙara adadin zuwa 176, daga baya ya haura 200, ko da yake an rage nutso zuwa biyu a rana, an hana masu takardar shaidar nutso ta matakin farko, ana kuma rufe tsibirin wata guda a shekara. Kowane ƙari da hujjarsa, amma shinge da ake matsar da shi duk bayan 'yan shekaru wata rana zai tashi daga shinge.

Batun asarar kuɗi kuwa bai tsaya da ƙafarsa ba. Tsibirin Boracay na Filifin sai da aka rufe shi wata shida cur a 2018 saboda ƙazanta, gaɓar Maya ta Tailan kuma an rufe ta a shekarar ba a buɗe ba sai 2022. Su ne suka bar ƙofa a wangale, suka ci na yau suka rasa na gobe. A Semporna, wani bincike na masanan Ostireliya ya ƙiyasta cewa nutson kallon kifin shak kaɗai ya kawo wa gundumar kusan dala miliyan 10 a 2012. Mutum ba ya biyan kuɗin jirgi daga Jamus ko Sin don ya kalli gansakuka. Ƙarancin izinin ma shi ke riƙe baƙo kwanaki yana jira, yana ci yana sha yana biyan kuɗin ɗaki.

Masu cewa ɗumamar yanayi za ta shafe komai, don haka ƙidayar masu nutso aikin baban giwa ne, sun faɗi rabin gaskiya. Murjani na zaune ne da wasu ƙananan tsirrai a cikin tsokarsa, su ke ba shi launi da yawancin abincinsa. In zafin ruwa ya haura na al'ada da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai ya fitar da su ya yi fari, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. An ga haka a faɗin duniya a 1998 da 2010 da 2014 zuwa 2017, a Afrilun 2024 kuma aka tabbatar da zagaye na huɗu. Babu takardar izinin da za ta sanyaya teku. Amma murjanin da ya yi fari yana iya farfaɗowa in ruwansa mai tsabta ne kuma akwai kifayen da ke kiwon gansakuka. Mai jinya da ke samun abinci da hutu ba ɗaya yake da wanda ake ɗora wa kaya ba.

Sukar da ta fi ƙarfi, wadda ba ni da amsar da za ta rufe ta, tana tsibirin Mabul, tafiyar minti ashirin zuwa talatin a jirgin ruwa mai gudu. Nan masaukan da aka kora suka koma, wasu suka ƙaru, har da wani tsohon dandamalin aikin mai da aka kafa a gefen tsibirin aka mayar da shi otal. Mabul ma ƙarami ne, kuma ba kango ba ne. Mutane wajen dubu biyu ke zaune a cikinsa, 'yan ƙabilun Suluk da Bajau Laut, da yawansu ba su da takardar zama ɗan kowace ƙasa. A gefe guda bukkokin baƙi ne a kan turaku, da na'urar sanyaya ɗaki, a ɗaya gefen kuma gidajen langa-langa ne su ma a kan turaku, leda da robobi na yawo a ƙarƙashinsu, yara cikin ƙananan kwale-kwale suna zagaya baranda suna miƙa hannu. Rashin takarda na nufin babu makarantar gwamnati, asibiti sai da kuɗin baƙo, aiki kuma sai a ɓoye. Su Bajau Laut ɗin nan su ne asalin gwanayen nutso na wannan teku, da numfashi ɗaya suke gangarawa da tabarau na katako da mashi. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan 'yan'uwansu na Sulawesi ya gano saifarsu ta fi ta maƙwabtansu na tudu girma da kusan rabi, abin da ke ƙara musu jure rashin iska. Mutanen da teku ta sake wa halitta saboda daɗewarsu a cikinta, su ne doka ta haramta wa kamun kifi a Sipadan, ba ta kuma ba su wani abu a madadi ba. A Yunin 2024 hukumomin Sabah suka rushe gidajen ɗaruruwansu a gandun teku na Tun Sakaran da ke kusa, bisa hujjar tsaro da gini ba izini.

Wannan ba batun tausayi kaɗai ba ne, ya shafi murjanin kai tsaye. Barakuda da shak da kunkuru ba su san iyakar gandu ba, suna fita su shiga ruwan da ake su. A ruwan Semporna har yanzu ana su da bam, kwalba ce ake cika wa takin zamani da kananzir a jefa, kifi ya taso matacce, murjanin da ke ƙasa ya koma ɓaraguzai da kan shekara da shekaru bai tsiro ba. A Yulin 2019 irin wannan bam ya kashe baƙi biyu 'yan Sin da malamin nutsonsu ɗan ƙasar. Mai jefa kwalbar sau da yawa talaka ne da bashi ya yi wa katutu, mai ba shi kayan haɗi ya sayi kifin yana tudu hankalinsa kwance. Jirgin sintiri na iya kama na farko, gobe wani ya maye gurbinsa, muddin ba shi da wata hanyar ci. Wanda ke samun albashi saboda shak na raye shi ne zai fara kai rahoton mai bam, kuma babu mai ganin abin da ke gudana a ruwan nan dare da rana kamar Bajau.

Saboda haka abin da ya rage a yi ba sassauta dokar Sipadan ba ne. A tsayar da adadin izini inda yake, kada a sake ƙara ko ɗaya sai an wallafa sakamakon awon lafiyar murjanin kowa ya gani. A ƙayyade gadajen kwana a Mabul kamar yadda aka ƙayyade masu nutso a Sipadan, a tilasta wa kowane masauki tace ruwan ƙazantarsa. A ware wani sanannen kaso na kuɗin izini don makaranta da ruwan sha da kwashe shara a ƙauyukan Mabul. Mafi wuya a siyasar Sabah, inda batun baƙin haure ke tayar da jijiyar wuya, shi ne a ba Bajau Laut wata takardar shaida da za ta halatta a ɗauke su aikin tuƙin jirgi da gadin gandu da jagorancin masu nutso. Gwamnatin da ta iya korar masu otal daga tsibirin da ke kawo mata kuɗi a 2004 ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.